Yadda Ake Gane Abin da Zai Yiwu Tsakanin Ƙananan Ƙwayoyi: Lambar Bariyon da Sauran Dokokin Kiyayewa

Niyutron da furoton su ne ƙananan ƙwayoyin da suka haɗu suka yi cibiyar zarra. Idan aka raba niyutron da cibiyar zarra aka bar shi shi kaɗai, a matsakaici daƙiƙa 880 yake yi, wato kusan minti 15, sai ya rushe. Furoton kuwa, wanda nauyinsu kusan ɗaya ne, har yau ba a taɓa ganin ko guda ya rushe ba. Ga shi kuma akwai ƙwayoyi da yawa da ba su kai shi nauyi ba, irin su fositron da miyuwon da fayon, waɗanda a ido babu abin da zai hana shi komawa su. Abin da ya tsare shi wata ƙidaya ce da ake kira lambar bariyon, ɗaya daga cikin dokokin kiyayewa, wato ƙa'idojin da ke cewa jimillar abu kaza kafin mu'amala dole ta zama daidai da jimillarsa bayan mu'amala.

Wannan jagora na wanda aka ba lissafin wata mu'amala ne, karo ko rushewa, aka ce ya faɗi ko za ta yiwu. Aikin ba ya bukatar lissafi mai zurfi. Tarawa ce da debewa, sai dai suna son natsuwa da bin tsari. Kuma ina so mai karatu ya riƙe tun yanzu cewa dokokin nan ba darajarsu ɗaya ba: wasu ba a taɓa karya su ba kuma mun san dalili, wasu suna karyewa a wani yanayi, ita kuma lambar bariyon matsayinta daban ne, za mu zo kansa.

Mataki na 1: Rubuta mu'amalar cikakkiya, ka ajiye jadawali a gefe

Kada ka yi komai da ka. Rubuta abin da ya shiga a hagun kibiya, abin da ya fito a damanta, sannan ka ja layuka a ƙarƙashi: layin caji (Q), layin bariyon (B), layin lefton (L), layin baƙunta (S), da layin nauyi. Matakan da ke tafe za su bayyana ma'anar kowane layi. Ana auna nauyin ƙwayoyi da MeV, wanda asalinsa ma'aunin makamashi ne, domin nauyi da makamashi abu ɗaya ne ta hanyar E = mc². GeV ɗaya MeV 1000 ne. Ga waɗanda za ka fi cin karo da su:

- furoton, p: nauyi 938.3, Q = +1, B = +1
- niyutron, n: 939.6, Q = 0, B = +1
- lamda, Λ: 1115.7, Q = 0, B = +1, S = −1
- omega, Ω⁻: 1672.5, Q = −1, B = +1, S = −3
- fayon, π⁺ da π⁻: 139.6, π⁰: 135.0; duka B = 0
- kayon, K⁺: 493.7, S = +1; K⁰: 497.6, S = +1; K⁻: S = −1; duka B = 0
- elektiron, e⁻: 0.511, Q = −1, L = +1
- miyuwon, μ⁻: 105.7, Q = −1, L = +1
- niyutrino, ν: nauyi ƙanƙani ƙwarai, Q = 0, L = +1
- foton, γ, wato ƙwayar haske: babu nauyi, duk lambobinsa sifili

Kowace ƙwaya tana da kishiya. Nauyinsu ɗaya, amma duk lambobin sun juye: kishiyar furoton tana da Q = −1 da B = −1, fositron (e⁺) yana da L = −1. Ana nuna kishiya da ɗan layi a saman harafi. A nan ne ɗalibai suka fi faɗawa rami: suna ɗauka ƙwayar da ba ta da caji ita ce kishiyar kanta. Gaskiya ne ga foton da π⁰, amma ba ga niyutron ba. Kishiyar niyutron ƙwaya ce dabam mai B = −1, an gano ta a Berkeley ta jihar Kalifoniya a Amurka a 1956.

Mataki na 2: Caji

Tara cajin hagu, tara na dama. Idan ba su zo ɗaya ba, an gama magana, mu'amalar ba za ta yiwu ba. Fara da wannan domin shi ya fi sauƙi, kuma babu wani ƙarfi da ke karya shi. Shi ne ma dalilin da elektiron ba ya rushewa: babu wata ƙwaya mai caji da ta fi shi rashin nauyi da zai miƙa wa cajinsa.

Mataki na 3: Lambar bariyon

Bariyon ita ce ƙwayar da aka gina da kwak uku, wato wasu ƙwayoyi da suka fi ta ƙanƙanta, waɗanda ake bambance irinsu da haruffa kamar u, d da s. Furoton uud ne, niyutron udd, lamda uds, omega sss. Mison kuwa, kamar fayon da kayon, kwak ɗaya ne da kishiyar kwak ɗaya. Kowane kwak yana ɗauke da B = +1/3, kishiyarsa −1/3. Saboda haka idan ka haɗu da ƙwayar da ba ta cikin jadawalinka, ba sai ka haddace ba: ƙirga kwak, debe adadin kishiyoyin kwak, raba uku. Murray Gell-Mann da George Zweig ne suka kawo tunanin kwak a 1964, kowa da kansa. Ƙa'idar tana aiki har ga baƙin ƙwayoyi. A 2015 gwajin LHCb na cibiyar CERN da ke kan iyakar Suwizalan da Faransa ya ba da sanarwar ƙwaya mai kwak huɗu da kishiyar kwak ɗaya: 4 a debe 1 saura 3, a raba uku, B = 1.

Gwada da rushewar niyutron:

n → p + e⁻ + ν̄

Hagu B = 1. Dama 1 + 0 + 0 = 1. Ta wuce. Yanzu duba wannan:

p + p → p + π⁺

Caji 2 ne a hagu, 2 a dama, babu matsala. Amma B ta sauko daga 2 zuwa 1, don haka haramtacciya ce komai ƙarfin karon. Wadda ake gani a ɗakin gwaji ita ce p + p → p + n + π⁺, inda bariyon biyu suka shiga, biyu suka fito. Ka lura fayon ya fito shi kaɗai ba tare da abokin rakiya ba. Babu dokar da ke kiyaye adadin mison, ana iya ƙirƙirar su ko nawa ne idan makamashi ya isa. Bariyon ce ba ta samuwa ita kaɗai.

Dokar ba ta ce adadin furoton ba ya canzawa ba. Jimilla ce ba ta canzawa. Furoton da kishiyarsa idan suka haɗu suna iya ɓacewa gaba ɗaya su koma fayon zalla, misali p + p̄ → π⁺ + π⁻ + π⁰, domin +1 da −1 sifili ne tun farko. Haka kuma ana iya samar da su tare daga makamashi. Kamar mai haƙa rami ne a fili: ba zai samu tulin ƙasa ba sai da rami daidai girmansa, idan kuma ya mayar da ƙasar, fili ya koma yadda yake.

Wannan lissafi ya taɓa ƙayyade girman na'ura. Da masana suka so samar da kishiyar furoton ta hanyar harba furoton kan furoton, sai suka tambayi kansu mene ne mafi ƙarancin abin da zai fito. Mu gwada p + p → p + p + p̄ + π⁺. Caji: 1 + 1 − 1 + 1 = 2, daidai. B: 1 + 1 − 1 + 0 = 1, alhali 2 ta shiga. Ta faɗi. Dole sai an ƙara bariyon guda:

p + p → p + p + p + p̄

Yanzu caji 2, B ma 2. Wato ba za ka sayi kishiyar furoton ita kaɗai ba, sai ka biya kuɗin ƙwayoyi biyu masu nauyi. A mataki na 5 za mu ga nawa ne kuɗin.

Wanda ya yi fiziks a sakandare ya riga ya yi amfani da wannan doka ko da ba a faɗa masa sunanta ba. Lambar da ake rubutawa a saman alamar sinadari, kamar 235 a yuraniyam-235, adadin furoton da niyutron ne a cibiyar zarra, wato lambar bariyon ɗinta ke nan. Idan ka daidaita lissafin tsagewar yuraniyam:

n + U-235 → Ba-141 + Kr-92 + 3n

kana tabbatar da cewa 1 + 235 daidai yake da 141 + 92 + 3, wato 236, kuma caji 92 daidai yake da 56 + 36. Irin wannan tsagewar ce ke gudana a ƙaramar tukunyar nukiliya ta bincike da ke Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya tun 2004, kuma domin irin wannan tsagewar ake haƙar yuraniyam a Arlit ta Nijar. Abin lura shi ne nauyi yana raguwa a tsagewar, abin da ya ragu ya koma zafi, amma ƙidayar bariyon ba ta motsa ko kaɗan. Haka a cikin rana: furoton 4 suna zama hiliyam-4 guda, nauyi ya ragu da kusan kashi 0.7 cikin 100, B tana nan 4. Kada ka taɓa rikita kiyaye bariyon da kiyaye nauyi.

Mataki na 4: Lambar lefton

Lefton su ne elektiron, miyuwon, tau, da niyutrino iri uku da ke tafiya da su. Kowanne L = +1, kishiyarsa −1. Amfanin wannan layi a aikace shi ne yana gaya maka abin da ba a gani. Niyutrino ba ya barin sawu a na'ura, don haka sau da yawa kai ne za ka cike gurbinsa. A rushewar niyutron hagu L = 0, dama akwai elektiron mai +1, to dole wanda ya rako shi ya zama kishiyar niyutrino mai −1. Idan fositron ne ya fito, niyutrino ne na ainihi zai rako shi. Da wannan lissafi Clyde Cowan da Frederick Reines suka kama kishiyar niyutrino a 1956 kusa da tukunyar nukiliya ta Savannah River a Amurka, ta hanyar ν̄ + p → n + e⁺. Duba da kanka: L −1 a hagu, −1 a dama, B 1 da 1, caji 1 da 1.

Sai ka raba layin uku: na gidan elektiron, na gidan miyuwon, na gidan tau. Miyuwon yana rushewa ne haka: μ⁻ → e⁻ + ν̄ₑ + ν_μ. Gidan miyuwon +1 ya shiga, niyutrinon miyuwon ya fita da shi. Gidan elektiron sifili ne, ya fito +1 da −1. Ita kuwa μ → e + γ, wadda ta cika caji da jimillar L da makamashi, ba a taɓa ganin ta ba. Gwajin MEG a Suwizalan ya nuna ko tana faruwa, ba ta kai sau ɗaya cikin tiriliyan ba. Leon Lederman da Melvin Schwartz da Jack Steinberger ne suka tabbatar a Brookhaven a 1962 cewa niyutrinon miyuwon dabam yake da na elektiron.

Akwai togaciya guda. Tun 1998 an tabbatar cewa niyutrino yana sauya gida idan ya yi doguwar tafiya, wanda ya fito a matsayin na miyuwon yana iya isa a matsayin na tau. Takaaki Kajita da Arthur McDonald sun sami kyautar Nobel ta 2015 a kan haka. Amma a daidai wurin da mu'amala ke faruwa, ci gaba da ƙirga gida-gida, ba za ka yi kuskure ba.

Mataki na 5: Makamashi da ƙarfin tafiya

Idan rushewa ce, wato ƙwaya ɗaya ce a hagu, tara nauyin duk abin da ke dama. Dole ya gaza nauyin uwar. Niyutron 939.57 ne, furoton da elektiron 938.27 + 0.51 = 938.78. Saura kusan MeV 0.78, shi ne ƙwayoyin ke rabawa su tashi da gudu. Juya ta kuma: p → n + e⁺ + ν. Caji, B da L duk sun daidaita, amma 'ya'yan sun fi uwar nauyi, don haka furoton da ke shi kaɗai ba zai yi ta ba. A cikin cibiyar zarra kuwa tana yiwuwa, domin nauyin cibiyar gaba ɗaya ake dubawa. Fulorin-18 yana komawa oksijin-18 ta wannan hanya, rabinsa na ƙarewa cikin kusan minti 110, kuma da fositron ɗin da yake fitarwa ake ɗaukar hoton PET a asibiti. Wannan dalili ne kuma ya sa niyutron da ke cikin ƙarfe ko cikin jikinka ba ya rushewa: cibiyar da za a samu bayan rushewar ta fi ta farko nauyi.

A nan amsar tambayar furoton ta fito. Shi ne mafi rashin nauyi a duk dangin bariyon. Idan zai rushe dole ya bar bariyon a baya, kuma babu wadda zai iya biyan nauyinta. Dokoki biyu ne suka haɗu suka tsare shi, ba ɗaya ba.

Idan karo ne, nauyin dama yana iya fin na hagu, gudun ƙwayoyin ne ke biyan bambancin. Amma kada ka ɗauka bambancin nauyi kaɗai za ka biya. Koma kan samar da kishiyar furoton. Sababbin ƙwayoyi biyu nauyinsu GeV 1.88 ne, sai mutum ya zaci harsashi mai GeV 1.88 ya wadatar. Ba haka ba ne, domin furoton da aka harba yana ɗauke da ƙarfin tafiya, wato adadin da ya haɗa nauyin abu da gudunsa da inda ya nufa, kuma wannan ma ana kiyaye shi: ƙwayoyi huɗun da suka fito ba za su tsaya cik ba, dole su ci gaba da tafiya, tafiyar kuma tana cin makamashi. Ga yadda ake lissafin idan ana harbin abin da ke tsaye. Kira nauyin furoton m, cikakken makamashin harsashi E. Adadin 2m² + 2mE dole ya kai jimillar nauyin dama a ninka da kanta, wato (4m)² = 16m². Daga nan E = 7m. Debe nauyin harsashin kansa, saura 6m, kusan GeV 5.6. Ninki uku ke nan na abin da aka zata. Shi ya sa aka gina na'urar Bevatron a Berkeley ta kai GeV 6.2, kuma da ita Emilio Segrè da Owen Chamberlain da abokan aikinsu suka harbi jan ƙarfe suka gano kishiyar furoton a 1955. Wannan lissafi ne kuma ya sa manyan na'urorin yanzu suke gwara ƙwayoyi gaba da gaba, domin ƙarfin tafiyar biyun ya soke juna, makamashin duka ya tafi ga ƙirƙira.

Kiyaye ƙarfin tafiya yana kuma hana elektiron da fositron su koma foton ɗaya tak a sarari. Idan sun haɗu suna kusan tsaye, foton biyu ne ke fita baya da baya, kowanne da MeV 0.511.

Mataki na 6: Juyi

Kowace ƙwaya tana da juyi, wato wata lamba tata ta asali, kamar a ce tana juyawa a kan kanta. Furoton, niyutron, lamda da duk lefton suna da 1/2, omega 3/2. Fayon da kayon sifili, foton 1. Dabarar gaggawa ita ce ka ƙirga ƙwayoyi masu juyin rabi a kowane ɓangare. Idan mara ne a hagu dole mara a dama, idan cika ne dole cika. Da wannan za ka ga n → p + e⁻ ba ta yiwuwa: ɗaya a hagu, biyu a dama. Tun kafin a san lambar lefton, matsalar juyi da ta makamashin da ke ɓacewa a irin wannan rushewa ce ta sa Wolfgang Pauli ya rubuta wasiƙarsa ta Disamba 1930 yana cewa akwai wata ƙwaya da ba a gani. Ya gwammace ya ƙara ƙwaya da ya saki doka, kuma bayan shekara 26 aka kama ta.

Mataki na 7: Baƙunta, da gano ƙarfin da ke aiki

Daga nan dokokin sun zama masu sharaɗi. Ƙarfi uku ne ke tafiyar da waɗannan mu'amaloli: ƙaƙƙarfan ƙarfi, ƙarfin lantarki da maganaɗisu, da rarraunan ƙarfi. Biyun farko suna kiyaye baƙunta, wato lambar da ke ƙirga kwak s a cikin ƙwaya. Na ukun yana iya canza ta, amma da 1 kawai a kowane taku. Saboda haka idan S ba ta daidaita ba, kada ka yi saurin cewa haramun. Ka ce: ƙaƙƙarfan ƙarfi ba zai yi ta ba, bari in ga ko rarraunan zai yi.

Alamomin gane ƙarfin: idan akwai niyutrino, rarraunan ƙarfi ne babu tantama. Idan foton ya fito kuma irin kwak bai sauya ba, na lantarki ne. Idan bariyon da mison ne zalla kuma duk lambobi sun daidaita, ƙaƙƙarfan ne. Tsawon rai ma shaida ne: ƙwayar delta, wadda ƙaƙƙarfan ƙarfi ke rusawa, ba ta kai daƙiƙa 10⁻²³ ba, lamda kuwa tana kai 2.6 × 10⁻¹⁰. A duniyar ƙwayoyi wannan tsufa ne mai yawa.

Wannan bambanci ne ya rikita masana bayan George Rochester da Clifford Butler sun fara ganin irin waɗannan ƙwayoyi a Manchester ta Ingila a 1947: ana samar da su cikin sauƙi, amma suna jinkirin mutuwa. Gell-Mann a Amurka, da Kazuhiko Nishijima da Tadao Nakano a Japan, suka warware a 1953 da wannan lambar. A π⁻ + p → K⁰ + Λ, S sifili ce a hagu, +1 da −1 a dama, sai ƙaƙƙarfan ƙarfi ya yi ta nan take. Amma da lamda ta rabu da kayon, ba ta da hanyar zubar da baƙuntarta sai ta rarraunan ƙarfi: Λ → p + π⁻, S daga −1 zuwa 0, nauyi 1115.7 ya rufe 1077.9. B kuwa 1 ce a duka biyun. Ka kiyaye alama: kwak s yana da S = −1, don haka K⁺ mai ɗauke da kishiyar s shi ne mai +1.

Akwai wasu dokoki masu sharaɗi da suka shafi juya hagu da dama kamar a madubi, da musanya ƙwaya da kishiyarta. Rarraunan ƙarfi yana karya su, kamar yadda Chien-Shiung Wu ta nuna da kobalt-60 a farkon 1957. Mai farawa zai iya ajiye su sai ya ƙware a layuka biyar na farko.

Mataki na 8: Bi misali ɗaya daga farko har ƙarshe

A 1964 a Brookhaven, wata tawaga ƙarƙashin Nicholas Samios ta harba K⁻ cikin tankin ruwan haidirojin da ke nuna sawun ƙwayoyi da kumfa, suka sami hoton wannan:

K⁻ + p → Ω⁻ + K⁺ + K⁰

Caji: −1 + 1 = 0; dama −1 + 1 + 0 = 0. B: 0 + 1 = 1; dama 1 + 0 + 0 = 1. Babu lefton. Masu juyin rabi: ɗaya da ɗaya. S: −1 a hagu; dama −3 + 1 + 1 = −1. Komai ya daidaita, ƙaƙƙarfan ƙarfi ne. Ka ga dalilin kayon biyun nan: su ne suka cike gibin baƙunta. Nauyin dama ya kai kusan MeV 2664, na hagu 1432, don haka sai da harsashi mai ƙarfi.

Sannan omega ta sauka tsani taku-taku: Ω⁻ → Ξ⁰ + π⁻ (Ξ⁰ bariyon ce mai S = −2), sai Ξ⁰ → Λ + π⁰, sai Λ → p + π⁻. S ta tafi −3, −2, −1, 0. Layin B kuwa 1, 1, 1, 1, har ya tsaya kan furoton. Duk bariyon da ka bi sawunta, can za ta kai ka.

Idan mu'amala ta tsallake duk waɗannan matakai, sa ran tana faruwa, ko da jefi-jefi. Idan kuma an nema an rasa, yawanci akwai wata doka da ba a gano ba tukuna. Ta haka aka gano lambar bariyon ita kanta: Ernst Stueckelberg a ƙarshen shekarun 1930 da Eugene Wigner a 1949 sun gabatar da ita ne domin bayyana dalilin da furoton ke dawwama.

Mataki na 9: San nauyin kowace doka

A 1918 Emmy Noether, tana Göttingen ta Jamus, ta tabbatar da cewa duk inda dokokin halitta ba su sauya ba a ƙarƙashin wani canji mai gudana, akwai adadin da ake kiyayewa. Ba su sauyawa daga jiya zuwa yau, sai aka sami kiyaye makamashi. Ba su sauyawa daga wuri zuwa wuri, sai kiyaye ƙarfin tafiya. Caji ma yana da irin wannan saiwa mai zurfi, kuma yana da ƙarfin da ke manne da shi, wanda foton ke ɗauka. Lambar bariyon ba ta da wannan gata. Babu wani sanannen ƙarfi da ke jingine da ita. A cikin ka'idar da ake aiki da ita yanzu, kiyayewar ta zo ne kawai saboda irin ƙwayoyin da ke akwai ba su ba da wata hanya mai sauƙi ta karya ta ba. A ganina wannan ne ya fi cancantar malami ya gaya wa ɗalibi, domin wanda aka koya wa B da caji a matsayin tagwaye zai rasa gane dalilin da ake kashe dukiya ana neman karyewar ɗaya, ana kuma natsuwa da ɗayan.

Akwai hujja babba cewa ta taɓa karyewa. Da a farkon sararin samaniya bariyon da kishiyoyinsu sun zo daidai wa daida, da sun cinye juna, haske ne kawai zai rage. Abin da ake aunawa shi ne kusan bariyon 6 ga kowane foton biliyan 10, kishiyoyi kuma babu su sai ƙalilan. Andrei Sakharov a 1967 ya jero sharuɗɗa uku da za su haifar da wannan rara, na farkonsu shi ne a sami mu'amalar da ke canza B. Gerard 't Hooft ya nuna a 1976 cewa ko a ka'idar yanzu akwai wata ɓoyayyar hanya ta rarraunan ƙarfi da ke canza B da 3, L ma da 3, a lokaci guda. A sanyin duniyar yau yiwuwarta kamar babu ne, kuma tunda taku uku take yi ba za ta rusa furoton guda ba, amma a zafin farkon halitta ana ganin ta yi aiki sosai.

Ka'idar da Howard Georgi da Sheldon Glashow suka kawo a 1974, mai neman haɗa ƙarfin nan uku su zama ɗaya, ta yi hasashen p → e⁺ + π⁰. Bi ta da matakanka. Caji 1 da 1. Nauyi 938 ya rufe 135.5 da rara mai yawa. Masu juyin rabi ɗaya da ɗaya. B ce ta faɗi daga 1 zuwa 0, L kuma daga 0 zuwa −1. Yanzu ƙara sabon layi a jadawalinka, B a debe L. Hagu 1 − 0 = 1. Dama 0 − (−1) = 1. Ta daidaita. A hanyar 't Hooft ma haka: 3 a debe 3 sifili. Shi ya sa masana da yawa ke ganin B − L ta fi B ko L zurfin saiwa, kuma shi ya sa ake neman wata rushewar cibiyar zarra mai fitar da elektiron biyu ba niyutrino, a sinadaran jamaniyam-76 da zinon-136, domin ita za ta karya B − L da 2. Ita ma ba a gan ta ba tukuna.

Ta yaya ake auna ran abin da ya fi shekarun sararin samaniya, biliyan 13.8, nesa ba kusa ba? Ba jira ake yi ba, tarawa ake yi. Kowace ƙwayar ruwa tana da furoton 10, tan ɗaya na ruwa yana da furoton kusan 3.3 × 10²⁹. Na'urar Super-Kamiokande, wadda ke ƙarƙashin dutse mita 1000 a lardin Gifu na Japan tun 1996, tanki ne mai tan 50,000 na tataccen ruwa, bangonsa na ciki lulluɓe da idanun lantarki kusan 11,000. A tan 22,500 na tsakiyar tankin akwai furoton kusan 7.5 × 10³³. Da matsakaicin ran furoton shekara 10³³ ne, da ana samun rushewa bakwai ko takwas a shekara. Alamar da ake nema a bayyane take: fositron ya yi gefe guda, π⁰ ya yi ɗaya gefen ya koma foton biyu, zobe uku na haske su bayyana a bango, jimillar makamashinsu ta zo kusan MeV 938, jimillar ƙarfin tafiyarsu kuma kusan sifili. Wato da dokokin da aka tabbatar ake farautar karyewar wadda ake shakka. Sakamakon da suka fitar a 2020 ya ce ta wannan hanya ran furoton ya haura shekara 2.4 × 10³⁴. Mafi sauƙin fasalin ka'idar 1974 ya faɗi tun a gwaje-gwajen shekarun 1980, amma wasu ka'idojin suna hasashen rai mai tsawo fiye da haka, kuma don a kai gare su ake gina Hyper-Kamiokande a yankin guda, da tankin da ya ninka na yanzu sau da yawa.